Me Najeriya ke yi a Jeniba, alhali wayata tana kama sabis ɗin Nijar a Illela?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Illela, kuma harkata ba ta rabuwa da Birnin Ƙonni. Kullum muna ji a rediyo an zaɓi Najeriya a majalisar hukumar sadarwa ta duniya, ko minista ya tafi taro Jeniba. Amma ina zaune a shagona sai wayata ta kama sabis ɗin Nijar, kati ya ƙare ban san inda ya tafi ba. Idan na tsallaka kuma, kiran gida sai ya fi ƙarfin aljihu. Shin wace rawa Najeriya ke takawa a waɗannan tarurruka, kuma me ya sa ba mu gani a ƙasa?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Na daɗe ina aikin tsara zangon rediyo da rabon mitoci, wato hanyoyin iska da saƙon rediyo da talabijin da waya ke bi, kuma zan iya ce maka abin da ke cinye katinka a shago da abin da ake tattaunawa a Jeniba igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Zan fara da hukumar, daga baya mu sauko Illela.

Hukumar da kake ji ana faɗa ita ce ITU. Ta girmi Majalisar Ɗinkin Duniya da shekara 80, domin an kafa ta a Paris ranar 17 ga Mayu 1865, lokacin da ƙasashen Turai 20 suka gaji da yadda saƙon tangaraho ke tsayawa a kowace iyaka sai an kwafe shi da hannu an miƙa wa ma'aikacin ƙasar gaba. A 1947 ta zama reshen Majalisar Ɗinkin Duniya, hedikwatarta tana Jeniba ta ƙasar Suwizalan, kuma yau ƙasashe 194 ne a cikinta. Nijar ta shiga a 1960, Najeriya a 1961. Aikinta yana aljihunka ko ba ka sani ba. Lambar +234 da ake sa wa kiran Najeriya, da +227 ta Nijar, da +233 ta Gana, daga kundinta suka fito. A cikin simkat ɗinka akwai wata lamba da ba ka gani, wadda ke farawa da 621 idan layin Najeriya ne, 614 idan na Nijar ne, kuma da ita turken sadarwa ke gane ko kai ɗan gida ne ko baƙo. Har jirgin sama da ka gani an rubuta 5N a jikinsa, ko 5U idan na Nijar ne, asalin waɗannan haruffa rabon sunayen kiran rediyo ne da ITU ta yi wa ƙasashe. Tsofaffin masu sauraren sashen Hausa a gajeren zango sun san cewa a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba gidajen rediyon ƙetare kan sanar da sauyin mitoci. Wannan ma jadawali ne da ake daidaitawa sau biyu a shekara a ƙarƙashin dokokin hukumar.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ITU ba ta da 'yan sanda, ba ta cin tarar kamfani, ba ta yanka farashin kira. Wuri ne da ƙasashe ke zama su raba abu biyu da ba su da yawa kuma ba su san iyaka ba: zangon rediyo da gurabun taurarin ɗan'adam a sama. Kamar rabon rumfuna ne a kasuwa: wanda ya zo da wuri, ya san abin da yake so, ya zo da mutanensa, shi ke samun bakin hanya.

To ina Najeriya take a wannan rabo? Ta fuskar kujera, alhamdu lillahi. Duk bayan shekara huɗu ana babban taro inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya, Amurka ɗaya, Nijar ɗaya. A nan ake zaɓen shugabanni da majalisar gudanarwa mai kujeru 48, waɗanda 13 daga ciki na Afirka ne. Najeriya ta ci kujera a Dubai a 2018, ta sake ci a Bukares a 2022. Farfesa Isa Ali Pantami, ministan sadarwa na lokacin, ya shugabanci babban dandalin shekara na hukumar kan al'ummar zamanin bayanai a 2022, kuma a 2025 an zaɓi ministan da ya gaje shi, Dakta Bosun Tijani, mataimakin shugaban majalisar gudanarwar. Sai dai manyan muƙamai biyar na zartarwa sun sha kuɓuce mana. Injiniya Shola Taylor ya nemi mataimakin babban sakatare a 2014 bai samu ba, daga baya ya jagoranci ƙungiyar sadarwa ta ƙasashen Kwamanwel. William Ijeh ya nemi shugabancin sashen raya ƙasashe a 2018, shi ma bai samu ba, kuma a wannan zaɓe Afirka ta shiga da ɗan takara fiye da ɗaya. Maƙwabtanmu da ba su kai mu kuɗi ba sun riƙe abin da ba mu riƙe ba: Hamadoun Touré na Mali ya yi babban sakatare daga 2007 zuwa 2014, Brahima Sanou na Burkina Faso ya riƙe sashen raya ƙasashe shekara takwas, kuma ɗan Nijar, Abdoulkarim Soumaila, ya yi zango biyu yana babban sakataren ƙungiyar sadarwa ta Afirka, ATU, kafin John Omo na Kenya ya gaje shi.

Ni dai ba kujerun nan nake fara dubawa ba idan ina auna ƙarfin ƙasa. Majalisar gudanarwa kasafin kuɗi da tsarin aiki take dubawa. Inda ake yanke abin da ya shafi wayarka shi ne babban taron rediyo na duniya, wanda ake yi duk bayan shekara uku zuwa huɗu: Jeniba a 2015, Sharm el-Sheikh ta Masar a 2019, Dubai a 2023, na gaba kuma Shanghai a 2027. Mako huɗu ake yi ana gyara wani kundi wanda yake da ƙarfin yarjejeniya tsakanin ƙasashe, sakin layi bayan sakin layi. Amma kafin ranar buɗe taro an riga an ci rabin wasan, domin shekara huɗun da ke tsakani ƙananan kwamitocin bincike suna zama suna lissafin ko wannan zango zai iya ɗaukar wayar salula ba tare da ya dagula na'urar hango jiragen sama ko tauraron hasashen yanayi ba. A waɗannan ɗakuna ba a tambayar yawan jama'ar ƙasarka. Takarda ake tambaya: me ka auna, a ina, da wace na'ura? Ƙasar da ta zo da takarda ita ake muhawara a kan maganarta. Wadda ta zo hannu rabbana sai ta zaɓi bayan wanda za ta bi.

Afirka ta taɓa nuna abin da haɗin kai ke iya yi a nan, kuma labarin yana da daɗin faɗa. A 2007 aka ware zangon megahaz 800 (megahaz ma'aunin mitar rediyo ne) don wayar salula a yankinmu, wanda ya haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya. Rabon ya dace da Turai, amma ƙasashen Afirka da dama sun riga sun ba da wannan zango ga wasu ayyuka, don haka ba su ci moriyarsa sosai ba. A taron 2012 sai ƙasashen Afirka da na Larabawa suka haɗa baki suka nemi a buɗe zangon 700, alhali maganar ba ta cikin jerin abubuwan da aka tsara tattaunawa. Gidajen talabijin na Turai suka yi ta ƙorafi, domin su ke amfani da shi. Aka kai ruwa rana, a ƙarshe aka amince zai fara aiki bayan taron 2015. Muhimmancin wannan zango ga mutumin karkara ba ƙarami ba ne: duk lokacin da mita ta yi ƙasa, igiyar rediyon takan yi nisa kuma ta ratsa bango, don haka turke ɗaya zai ɗauki ƙauyuka da yawa waɗanda da sai an kafa musu turaku uku ko huɗu. A 2019 ma ATU ta jagoranci wani ƙuduri da ya buɗe wa ƙasashen Afirka 31 hanyar samun sababbin gurabun taurarin watsa shirye-shirye a madadin waɗanda suka lalace saboda cunkoson taurarin wasu. Haka kuma aikin haɗin gwiwa na ITU da ATU ya gano sababbin mitocin FM fiye da 18,000 ga nahiyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a duk waɗannan nauyin kasuwar Najeriya yana ƙara wa muryar Afirka kauri, domin mai ƙera waya ba zai yi wasa da zangon da ƙasa mai layuka sama da miliyan 150 ta rungumi amfani da shi ba.

Wannan nauyi ba daga sama ya faɗo ba. Kafin 2001 layukan tarho a duk faɗin Najeriya ba su wuce kusan 400,000 ba, kuma akwai zamanin da kira daga Legas zuwa Kwatano sai ya bi ta Landan da Paris kafin ya sauka, saboda kowace ƙasa an ɗaura wayarta ne da ta uban gidanta na mulkin mallaka. An kafa hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, a 1992, amma gwanjon lasisin GSM na Janairun 2001, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, shi ya canza komai. An sayar da kowane lasisi dala miliyan 285 a bainar jama'a, kuma dokar sadarwa ta 2003 ta ba hukumar 'yancin aiki. Shekaru bayan nan hukumomin wasu ƙasashen Afirka suka riƙa zuwa Abuja koyon yadda aka yi. Ba banza ba ne da aka kafa ƙungiyar hukumomin sadarwa na Afirka ta Yamma, WATRA, a 2002 aka ajiye hedikwatarta a Abuja. A ganina wannan shi ne mafi girman tasirin da Najeriya ta taɓa yi a harkar sadarwar nahiyar, kuma ka lura a gida aka yi aikin, waje ya biyo baya.

Inda muka yi sake a gida kuwa, abin da aka ci a waje ya zube. Yarjejeniyar Jeniba ta 2006 ta sa ranar 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin da ƙasashen yankinmu za su bar tsohon tsarin talabijin su koma na dijital. Dalilin ba kyawun hoto kawai ba ne. Tsohon tsarin yana mamaye zango mai faɗi, ciki har da wancan na 700 da aka yi wa faɗa, kuma sai an kwashe talabijin daga ciki kafin waya ta shiga ko'ina. Najeriya ta sa wa kanta 2012 ba ta cika ba, 2015 ta wuce, 2017 ta wuce. An ƙaddamar a Jos a 2016, sai Abuja, sai Ilorin da Kaduna da wasu jihohi, Legas da Kano kuma sai 2021. Abin yana ci mini rai, domin mutanen da jinkirin ya fi cutarwa su ne na ƙauyukan da ke hawa tudu ko bishiya don neman sabis.

Haka batun sama. Akwai wani zobe a saman tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786, inda tauraro ke juyawa daidai da juyin ƙasa, ya zama kamar a tsaye yake. Gurabun wurin ƙidayayyu ne, kuma dokar ita ce idan ƙasa ta yi rajistar gurbi dole ta sa tauraro a cikin shekara bakwai, idan kuma tauraron ya mutu akwai ɗan wa'adin da za ta maye gurbinsa ko ta rasa haƙƙinta. Najeriya ta harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar fikafikan da ke tara masa hasken rana. Aka harba madadinsa, NigComSat-1R, a Disamban 2011, yana zaune a digiri 42.5 gabas, kuma an ƙera shi ne don aikin shekara 15. Kowa zai iya yin lissafin: shekara 15 daga Disamban 2011 sai Disamban 2026. Gurbin nan dukiyar ƙasa ce wadda ba a gani da ido, kuma ba a riƙe shi da jawabi. Injiniyoyi ne ke zama suna amsa wasiƙun daidaitawa daga ƙasashen da taurarinsu ke maƙwabtaka da namu, kuma rashin amsa wasiƙa a kan lokaci ana iya ɗaukarsa a matsayin amincewa.

A batun wayoyin ƙarƙashin teku kam, Najeriya ta yi abin a yaba. Kusan duk intanet ɗin da ke shigowa Illela, da babban kaso na wanda ke zuwa Nijar da ba ta da gaɓar teku, ta waɗannan wayoyi yake biyowa. A da waya ɗaya ce kaɗai, mai suna SAT-3, kuma da ta samu matsala a 2009 Najeriya da Benin da Togo da Nijar duk sun ji a jikinsu. Daga 2010 aka samu MainOne da Glo-1, sai WACS da ACE, sai Equiano a 2022, sai 2Africa. Duk da haka, ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka yanke a lokaci ɗaya a tekun da ke gefen Kodebuwa, bankuna suka tsaya, masu POS suka rasa yadda za su yi. Bayan wannan ne ITU ta kafa kwamitin ba da shawara kan kare waɗannan wayoyi a ƙarshen 2024, ministan Najeriya da shugabar hukumar sadarwar Fotugal suka zama shugabanninsa, kuma taronsa na farko na duniya a Abuja aka yi shi a Fabrairun 2025. Abin da ake nema a nan a fili yake: a sauƙaƙa wa jiragen gyara samun izinin shiga ruwan ƙasa, a samu jirgin gyara kusa da yankinmu, a raba hanyoyin da wayoyin ke bi don kada zaftarewar ƙasa ɗaya a ƙarƙashin ruwa ta kwashe su gaba ɗaya.

Akwai kuma siyasa, amma ba zan daɗe a kanta ba. A Dubai a 2012 aka yi taron sabunta dokokin sadarwa na duniya, aka rabu biyu kan ko gwamnatoci za su ƙara samun iko a kan intanet. Ƙasashe 89 suka sa hannu, har da Najeriya, 55 suka ƙi, ciki har da Amurka da Ingila da Kenya. Har yau wannan tsagi bai ɗinke ba, kuma ya sake bayyana a 2022 lokacin da Doreen Bogdan-Martin ta Amurka ta kada ɗan takarar Rasha da ƙuri'a 139 da 25, ta zama mace ta farko da ta shugabanci hukumar.

Yanzu mu dawo shagonka. Tsakanin Illela da Ƙonni 'yan kilomitoci ne, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse babu dajin da zai tare igiya. Turken GSM a zangon 900 yana iya kai kilomita 35 idan babu abin da ya tsaya masa. Saboda haka turakun Ƙonni suna jiyo Illela, na Illela suna jiyo Ƙonni. Wayarka ta fi son layin gida, amma da zarar sabis ɗin gida ya ɗauke ko na ɗan lokaci, ko don man janareton turke ya ƙare, ko ka shiga can ƙuryar shago inda rufin kwano ya tare, sai ta nemi wanda take ji. Idan kamfaninka yana da yarjejeniyar romin da na Nijar, wato damar amfani da layinka a turakun wata ƙasa, sai turken can ya ga lambar 621 ya karɓe ta a matsayin baƙuwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne idan ta zauna a layin wata ƙasa ba ta gaggawar komawa gida, tana iya yini a can muddin sabis ɗin bai yanke ba. A wannan lokaci kira da data duk a farashin ƙetare ake lissafa maka su, wani lokaci har amsa kira sai an cire.

Maganin gaggawa yana hannunka. Ka shiga saitin waya, wurin zaɓen netwok, ka cire shi daga zaɓi da kansa ka mayar da shi zaɓi da hannu, ka danna sunan kamfaninka. Ka kashe romin na data. Daga nan ko sabis ya ɗauke wayar za ta jira ne, ba za ta tsallaka ba. Idan an riga an cire maka kuɗi kana cikin Najeriya, ka kai ƙara wurin kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi, idan ba su biya maka buƙata ba ka kira 622, layin ƙorafi na NCC.

Maganin dindindin kuwa aikin gwamnatoci biyu ne. Dokokin ITU sun ce kada tashar wata ƙasa ta cutar da ta maƙwabciyarta, amma sun bar wa maƙwabtan su zauna su tsara yadda za a yi. A aikace injiniyoyin ɓangarorin biyu sukan raba mitoci, waɗannan naku ne a bakin iyaka, waɗancan namu, su yarda da iyakar ƙarfin da igiya za ta kai a wani nisa cikin ƙasar maƙwabci, sannan a umarci kamfanoni su sunkuyar da eriya ko su rage ƙarfi. Bayan haka sai a fita da mota da na'urar awo a bi iyaka a tabbatar. A farkon 2023 Najeriya da Nijar sun sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar daidaita mitoci a yankunan iyaka, wadda ta kama daga zangon FM har zuwa gigahaz 30, wato megahaz 30,000. Watanni kaɗan bayan nan aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka, dangantaka ta yi tsami. Iyakar nan ta kai kusan kilomita 1,500, daga Kamba da Gaya, zuwa Jibiya da Maraɗi, zuwa Kwangwalam da Maigatari, har tafkin Chadi, kuma yarjejeniya irin wannan tana rayuwa ne da fita awo a kai a kai. Ba batun kati kaɗai ba ne ma. Lokacin da aka katse layuka a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato a 2021 saboda 'yan bindiga, an ba da rahoton yadda mutanen bakin iyaka, nagari da ɓata-gari, suka koma amfani da layukan Nijar.

Tsadar kira idan ka tsallaka kuma wata magana ce dabam, kuma a nan ne nake ganin Najeriya ba ta yi abin da ya kamace ta ba. Kuɗin ba daga wahalar aiki yake fitowa ba, tun da turken da ya ɗauki kiran ɗan Ƙonni shi ne ya ɗauki naka. Yana fitowa ne daga farashin sari da kamfanonin ke caji a tsakaninsu da kuɗin waje, da harajin da wasu gwamnatoci ke ɗora wa kiran ƙetare, da ribar da babu mai matsa wa kowa ya rage. An taɓa nuna cewa ana iya cire shi: kamfanin Celtel ya fara tsarin layi ɗaya ba romin a gabashin Afirka a 2006, ya faɗaɗa shi zuwa Najeriya da Nijar da Chadi a 2007. Kenya da Yuganda da Ruwanda suka mayar da irinsa tsarin gwamnati daga 2014. Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin romin ranar 15 ga Yuni 2017. Ecowas, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira Cedeao, ta zartar da tata dokar a Abuja a Disamban 2017: matafiyi zai amsa kira kyauta har kwana 30, ya kira a farashin ɗan gida. Sai a 2023 Gana da Kodebuwa suka fara aiwatarwa a tsakaninsu, a 2024 Gana da Togo da Benin suka biyo. Najeriya, mai masaukin Ecowas da WATRA duka biyu, mai kasuwa mafi girma a yankin, ba ta cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa. Da ita ta fara, da sauran sun bi ba da gardama ba, domin manyan kamfanonin da ke aiki a ƙasashen yankin kaso mai tsoka na cinikinsu daga Najeriya yake fitowa.

Yanzu lamarin ya ƙara tsauri ga ku mutanen iyakar arewa, domin Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga Ecowas a Janairun 2025, kuma tun ƙarshen 2024 suka ƙulla tasu yarjejeniyar soke romin a tsakaninsu. Wato mutumin Ƙonni zai samu sauƙi idan ya je Bamako mai nisan fiye da kilomita dubu, amma ba zai samu ba idan ya zo cin kasuwar Illela da ke ƙofar gidansa. Wannan ba daidai ba ne, kuma ba dole ne ya tsaya haka ba. Dokar Ecowas ma ta hanyar yarjejeniyar ƙasa da ƙasa aka aiwatar da ita. Babu abin da ya hana NCC da takwararta ta Nijar, ARCEP, su zauna su sa wa farashin sari iyaka, su yafe wa juna harajin kiran da ke tsakaninsu, su ba kamfanoni wa'adi. Kamfanin Airtel yana aiki a ɓangarorin biyu, wanda hakan ya rage rabin wahalar fasaha. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedikwata a Yamai, wadda irin wannan aiki ne dalilin kafa ta.

Akwai abu ɗaya da nake so 'yan boko na arewa su ji. Marigayi Farfesa Gabriel Ajayi na jami'ar Ife, wanda ya zama shugaban farko na hukumar raya fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ya yi suna a duniya da auna yadda ruwan saman ƙasashe masu zafi ke raunana igiyar rediyo. Irin wannan awo ne ke sa a gyara lissafin da da an gina shi a kan yanayin Turai. Mu a nan muna da hazon hunturu da ƙura, da sauyin zafin iska da ke sa igiya ta yi tsalle ta wuce inda aka tsara mata, abin da ke ƙara dagula sabis a bakin iyaka. ITU ta buɗe ƙofa ga jami'o'i su zama mambobi, kuma jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram suna zaune a tsakiyar wannan yanayi. Awo na shekara biyu ko uku daga waɗannan wurare, a rubuta shi a kai kwamitin ITU mai binciken yaɗuwar igiyar rediyo, zai ba wakilanmu abin ɗorawa a kan tebur a Shanghai.

Ku kuma, Alhaji, kuna da murya fiye da yadda kuke zato. NCC takan yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta fitar da ƙa'idoji, kuma tana da ofishin shiyya a Kano. Ƙungiyar 'yan kasuwar Illela, da ta masu albasa da masu dabbobi, da takwarorinsu na Ƙonni, za su iya rubuta takarda ɗaya da buƙatu biyu: a fito a auna ƙarfin sabis na ɓangarorin biyu a cikin kasuwa da unguwannin da ke kusa da iyaka, kuma a buɗe tattaunawar romin tsakanin NCC da ARCEP. Ku haɗa da shaida, wato hoton fuskar waya da ke nuna sunan layin Nijar kana tsaye a Illela, da saƙon cire kuɗi mai kwanan wata da lokaci, daga mutane da yawa. Ku ba ɗan majalisarku na tarayya kwafi ya miƙa wa kwamitin sadarwa, 'yan'uwanku na Ƙonni kuma su kai nasu kwafin ofishin ARCEP a Yamai.